Gurara a Watan Agusta

Fatakwal,
6 ga Mayu.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan Gambo direba zai same ki lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai Bara'atu da ta yi 'yar mura, ta kuma warke. Yayarta Mardiyya tana nan da surutunta. Babansu Sadisu yana gaisuwa.

Na san za ki yi mamakin takarda a wannan zamani. To, a waya ba kya wuce "lafiya lau", sai ki ce a ba ki yara. Na ce bari in gwada biro, tunda ke malama ce, wataƙila a takarda za ki fi sakewa. Ki yi haƙuri da Hausata, iya abin da Mama Daso ta koya mini ke nan.

Maganar ita ce na samu aikin jinya a Ingila. Takardu sun fito, za mu tashi mu huɗu a makon farko na Oktoba, kuma gaskiya ban san shekarar da za mu waiwayo ba. Kafin nan ina so yaran nan su ga Suleja. Kwanaki aka tambayi Mardiyya a makaranta 'yar ina ce, ta ce Suleja. Aka ce me ake da shi a can, ta yi zuru. Da ta dawo ta tambaye ni, ni ma na yi zuru. Ina shekara biyu Mama Daso, yayar Baba, ta ɗauke ni daga hannunki, kuma tun daga nan zuwana uku ne. Na ƙarshe shi ne rasuwar Baba, shekara tara ke nan. Tun da Mama ta rasu bara, ba ni da mai ba ni labarin gida.

Hutun Agusta kaɗai ya rage mana. Don Allah ki rubuto mini abin da za mu kai yara su gani: duwatsu ne, ruwa ne, namun daji ne, da yadda gari yake a lokacin, da ɗan tarihin da za su iya riƙewa. Ki kuma sa a duba mana otal mai tsabta, don na ji an ce ɗakunan gidan duk da 'yan haya a ciki, ba na so mu takura miki.

Ni ce,
Rabi'a.

Unguwar Wambai, Suleja,
23 ga Mayu.

Zuwa ga uwar Mardiyya,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso, da ɗigon manja a gefenta, shaidar ta biyo motar Gambo. Gwiwa da sauƙi, sai dai yanzu ita ke gaya mini hadari kafin ya haɗo. An ji maganar tafiya. Allah Ya sanya alheri, Ya tsare gaba da baya. A gai da maigidan.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa, ina bin yara da bulala su saurara. Yau ga shi ana roƙona. To, a gyara zama.

A fara da Dutsen Zuma, tunda shi ba ya ɓuya. In kun taso daga kudu kun wuce Zuba, za ku hango shi tsaye kusa da Madalla, dutse ɗaya tal, baƙi, sumul, kamar an kifa ƙaton turmi. A jikinsa akwai alamu kamar fuskar mutum, ga idanu, ga hanci, ga baki. Ku ba Mardiyya takardar naira ɗari ta riƙe ta kwatanta, shi ne a jiki. Da damina gajimare yakan sauko ya zauna masa a ka, ruwa ya riƙa gangarowa layi-layi. Mutanen da suna jin tsoronsa, kuma har gobe za ku samu mai rantse muku da abin da ya gani a can. Ni dai na kai 'yan makaranta gindinsa ya fi sau ashirin, ba abin da ya taɓa kama mu sai ƙaiƙayin ciyawa. Ba wurin hawa ba ne da yara, a tsaya daga ƙasa a ɗaga kai.

A nan gefen gari akwai Mayanka, inda ruwa ke zubowa ta kan duwatsu. Wuri ne mai sanyi da inuwa. Manya sun ce a zamanin da can ake kai wanda aka yanke wa hukuncin kisa, amma ba sai an gaya wa Bara'atu wannan ba. Duwatsun suna da santsi, a sa musu takalmin roba mai kama ƙafa, ban da silifas.

Babban abin kallo shi ne Gurara. Tafiyar kamar awa ɗaya ce ta hanyar Minna, sai a ratse. Kogi ne guda yake faɗowa daga kan dutse mai faɗi. A watan Agusta ruwan ja ne kamar koko, ƙararsa kuwa ko na kusa da kai ya yi magana sai dai ka ga bakinsa yana motsi. Feshinsa kaɗai ya isa ya jiƙa mutum sharkaf, kuma ba a barin kowa ya gangara ƙasa. A watan Disamba kuwa ya kwanta, ya yi garau, duwatsu sun fito, sai a shimfiɗa tabarma a buɗe kwanon abinci, yara su tsoma ƙafa a gefe.

Gari kuma ga yadda yake. Maris zafi ne na fitar hankali. Afrilu ruwan farko ke sauka, daga nan ciyawa ta rufe ko'ina. Agusta da Satumba ruwa ne safe da yamma, shanya ba ta bushewa, hanya ta yi ramuka, sauro ya yi ƙiba. Nuwamba sama ta washe. Saboda haka in don jin daɗin yara ne, Disamba ta fi. Kada ku wahalar da kanku saboda mu.

Otal kuwa ga su nan birjik. Na sa Rahila, 'yar hayata mai aiki a Abuja, ta duba guda biyu, ta rubuta lambobinsu a ƙasan takardar nan. Gidan nan dama ba wurin saukar manyan baƙi ba ne.

Ke kuma Mardiyya ƙawata, an ce kin yi zuru a aji. Kin ba ni kunya. Duk wannan baki da kike cika mini kunne da shi a waya, ashe na gida ne? Ki zo in ga ko tsayin naki ya kai na bakin.

Ikilima Bamalli,
malama mai ritaya.

Fatakwal,
11 ga Yuni.

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan ruwan nan bai tayar miki da gwiwar ba. Muna lafiya. Aiki ne ya yi yawa, ga zirga-zirgar takardu.

Mun gode da bayani. Mardiyya ta karanta wa ƙanwarta har sau biyu, yanzu duk naira ɗarin da ta shigo gidan nan sai an duba mata fuska. Ta ce in gaya miki tsayinta ya wuce kafaɗata.

Inna, akwai layin da na tsaya a kansa. Kin ce Disamba ta fi. Ko kin manta na ce Oktoba za mu tashi? Ba mu da wata Disamba a ƙasar nan. Na nuna wa Sadisu, ya ce bayanin malama ne kawai, kada in sa wa raina komai. Na yi ƙoƙari, amma sai na ga ƙasansa kin ce kada mu wahalar da kanmu, kin kuma ce gidan ba wurin saukar baƙi ba ne. Ban san baƙuwa ce ni ba sai da na karanta.

In zuwan namu zai zame miki nauyi, ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Mun yi shawara ko mu sauka a Abuja kwana biyu, mu kai yara Zuma, mu leƙo mu gaishe ki mu juya. Yaya kika gani? Wannan tambayar nake so ki amsa mini kafin komai.

Rabi'a.

Unguwar Wambai, Suleja,
28 ga Yuni.

Zuwa ga uwar Mardiyya,

Bayan sallama, muna lafiya, ruwa yana ta sauka, masara ta kai ƙugu. A gai da maigidan da yara.

Maganar masauki, yadda kuka gani ya yi daidai. Ku ne da tafiya, ku kuka san abin da zai fi muku sauƙi.

Saura namun daji. Kada a yi wa yara alkawarin zaki ko giwa, a ji kunya. Manyan namu sai can wajen Kainji, tafiyar yini guda, kuma ba na ba ku shawararta da ƙananan yara. Abin da muke da shi a nan ƙanana ne, sai mai haƙuri ke ganinsu. A duwatsun hanyar Gurara akwai birai, in an yi sa'a da safe za a gan su zaune jere suna kallon motoci. Akwai damo da guza masu shan rana a kan dutse, akwai fakara da zabin daji da kan tashi fir daga ciyawa su tsinka wa mutum zuciya. Da yamma jemagu kan fito daga manyan itatuwa su rufe sama. Shamuwa tana nan tun Afrilu, ta yi sheƙa a tsamiyar bayan gidanmu, in kun zo kafin ta koma za ku same ta.

Da a ce shekara ashirin baya ne, da na ce a kai su Maje, gonar marigayi. Can birai suka hana mu sakat, sai an kwana biyu ana gadin masara, su kuma suna aiko ɗaya ya hau itace yana gadinmu. Na je bara, ban gane wurin ba. Gidaje ne iri ɗaya a jere, da katanga da waya a sama. Na tambayi wani mai gadi ina rafin da ke nan, ya ce shi tun da ya zo bai ga rafi ba.

Tarihi kuma, ga abin da Mardiyya za ta riƙe. Kakanninmu daga Zariya suka taso, wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, suka zo suka kafa gari a tsakanin duwatsun nan, kusa da kogin Iku, cikin Gbagyi da Koro da suka tarar. Shi ya sa har yau ake cewa Zazzau Suleja. Kuma ta buɗe kunne: garin nan shi ne Abuja na asali. Da za a gina babban birnin ƙasa aka karɓi sunan aka ba shi, mu muka koma Suleja. Mutanen garin nan sun iya miƙa abu da hannu biyu su ce ba komai. Yanzu ga shi kullum da asuba rabin gari ke ɗunguma zuwa can neman abinci. A kai su kuma su ga masu ginin tukwane, don da tukwane aka san garin nan har ƙasashen waje. In an roƙi matan za su bar yaro ya taɓa yumɓu.

'Yan hayata ma duk ma'aikatan Abuja ne. Kafin in idar da lazimi sun fice, sai bayan magariba. Yini nake ni da rediyo da shamuwa. Wanda ke ɗakin kusa da nawa ya tashi ƙarshen Mayu, na sa an yi wa ɗakin fenti, don damina ta ɓata bangon. Ban sa kowa ba tukuna.

Mardiyya, wuce kafaɗar uwarki ba abin alfahari ba ne, gajeru ne duk zuriyar. Ki zo ki gwada da ni.

Ikilima Bamalli.

Fatakwal,
14 ga Yuli.

Inna,

Muna lafiya. Ina fatan kina lafiya.

Zan faɗi abin da ke raina, in na yi rashin kunya ki yafe mini. Tambaya ɗaya na yi miki, kika amsa ta da layi biyu, kika ba birai da jemagu shafi guda. Na san yanzu inda damo ke shan rana, amma ban sani ba ko mahaifiyata tana so ta gan ni kafin in bar ƙasar.

Takardunki biyu suna gabana. Babu sunana a ciki ko sau ɗaya. Na bayan ambulan ma ba rubutunki ba ne, na gane, irin na mai lambobin otal ne. Kin sa hannu kamar mai rubuta wa ofishin ilimi. Na san za a ce kunyar 'yar fari ce, Mama ta sha gaya mini. Amma Inna, shekarata talatin da takwas. Ni ma ina da 'yar fari, ina kiran sunanta sau hamsin a yini, ba abin da ya same ni. A asibiti ina ganin tsofaffi suna riƙe hannun 'ya'yansu, sai in kau da kai in ci gaba da aikina.

Da Baba ya rasu na kwana bakwai a gidan nan, ba ki zauna kusa da ni ba ko sau ɗaya. Da Mama ta rasu kin kira, kika yi wa Sadisu ta'aziyya, kika ce ya gaya wa mutanen gidan. Ni ce mutanen gidan. Ranar na ji maraici sau biyu.

Ba na jin zan iya kawo yarana su ga ana yi mini haka, su tambaye ni dalili, in sake yin zuru. Na mayar da hutun da na nema, zan yi aiki har ƙarshen Agusta. Za mu kira ki kafin mu tashi. Na gode da duk abin da kika rubuta, Mardiyya ta manna shi a littafinta.

Rabi'a.

Unguwar Wambai, Suleja,
6 ga Agusta.

Assalamu alaiki.

Ina lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Takardarki sai jiya ta iso. Motar Gambo ce ta lalace a hanya, ta yi kusan sati uku a gareji da takardar a aljihun ƙofa. Duk kwanakin nan ina zaune ina cewa shirin tafiya ne ya hana ki rubutu. Ranar Juma'a har na sa an wanke labule.

Na karanta. Ba ki yi rashin kunya ba. Ki zauna ki ji, don ban taɓa faɗa ba, kuma ba na jin zan iya maimaitawa.

Ranar da Daso ta zo ɗaukarki, kwananki goma sha biyu da yaye. Ita ba ta samu haihuwa ba, ke kuma 'yar fari ce, kowa ya san inda za ki. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba. Matan gida suka cika tsakar gida suna kallona, su ga ko yarinyar nan 'yar makaranta tana da kunya. Aka ce in 'yar fari ta yi kuka uwa ba ta waiwaya. Ina wanke-wanke kika yi kukan, kina miƙo hannu ta kafaɗar Daso. Kwano ɗaya na yi ta wankewa har ƙarar motar ta ɓace. Aka yaba mini ƙwarai. Kakarki ta ce ta samu suruka.

Daga nan na riƙe abin da aka yaba mini da shi, don shi kaɗai aka bar mini. In na kira sunanki, in na nuna ke tawa ce, to na ce Daso ba ta isa ba ke nan, ita kuwa ta riƙe ki da gaskiya. Shekara ta bi shekara har bakina ya manta hanyar. Yanzu duk waɗanda nake jin kunyarsu suna kabari, ni kuma na kasa dainawa.

Na ce miki na kai 'yan makaranta Zuma ya fi sau ashirin. Hedimastoci uku sun yi mini faɗa a kan haka, suna cewa ba wani wurin ne? Hanyar kudu ta nan ta bi. Yara suna zana dutse, ni ina kallon motocin da suka nufi wajenku.

Kwana bakwan da kika yi a nan, tuwon da ake kai miki da miyar kuka ni nake tuƙawa, ina cikin takaba, mata suna ta yi mini faɗa in ajiye muciya. Daso ta taɓa gaya mini shi kike so. Ranar rasuwarta kuma na riƙe waya na ji muryarki daga nesa kina kuka, na san in aka ba ni ke ba abin da zai fito. Shi ya sa na tsaya a kan Sadisu.

Ke ma kin soke ni, ki sani. Takardarki ta farko na karanta ina murna har na zo kan otal. 'Yata za ta zo garin ubanta ta kwana a hannun ma'aikata. Na nemo miki lambobin kamar yadda kika ce. Mu nan in mun ce kada ku wahalar da kanku, jira muke a ce mana wace irin wahala. In mun ce gidan ba wurin baƙi ba ne, jira muke a ce dama wa ya ce baƙi ne. In mun ce yadda kuka gani, to mun ƙosa ne. Ko Daso ba ta koya miki wannan ba, ko Fatakwal ta wanke shi. Ɗan hayar nan ba don kansa ya tashi ba, ni na roƙe shi ya koma ɗakin zaure washegarin da takardarki ta zo. Damina ba ta taɓa bangon ba. Na sayi gidan sauro uku.

Maganar Disamba kuwa, ban manta da Oktoba ba. Tun da na karanta nake ƙirga kwanakin. Na rubuta Disamba ne don ina so a ce akwai wata Disamba da za ku zo, in yaso Agusta ta zama somin-taɓi. Wauta ce ta tsohuwa, na sani.

To, ga amsar tambayarki. Ina so ki zo. Ina so ki sauka a gidan nan. Ina kewarki tun kafin ki iya magana, kuma ina jin tsoron in mutu kina can ba ki sani ba. In hutun ya riga ya tafi, ya tafi, ba laifinki ba ne, amma kada ki hau jirgi da tunanin da kika rubuto.

Ba zan jira Gambo ba. Zan kai wannan tasha da kaina in ba Olu, direban babbar bas, ya ce jibi za ta same ki. Rahila ta miƙo hannu za ta rubuta bayan ambulan kamar kullum, na ce ta bari. Na ɓata guda biyu kafin na iya rubutawa. Ki juya ki gani.

Innarki.

Fatakwal,
9 ga Agusta.

Innata,

Wa'alaikis salam. Muna lafiya. Olu ya kawo da kansa har asibiti.

Tun kafin in buɗe na ga sunana da rubutunki. Na shiga ɗakin canza kaya na zauna, sai da wata abokiyar aikina ta zo ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ambulan ɗin yana cikin jakar da fasfo ɗinmu suke.

Ki yafe mini maganar otal. Wallahi na ɗauka ladabi nake yi.

Hutun ya tafi, an riga an ba wata. Na bi mutum uku ina roƙo mu yi musayar kwanakin aiki, na samu kwana huɗu, biyu a cikinsu na hanya ne. Za mu iso ranar Juma'a, talatin ga wata, in Allah Ya yarda, mu juyo Litinin da sassafe. Na so ya fi haka, Inna. Iya abin da na samu ke nan.

Mardiyya ta ce ja ko fari, sai ta ga Gurara. Sadisu zai kai su ranar Asabar, su biya ta Zuma a dawowa, na saya musu takalman roba. Ni ba zan bi su ba. Zan zauna a gida. Ba sai kin kira ni ba, ba sai kin kalle ni ba, na san yanzu ba abu ne mai sauƙi ba. Ki dai ajiye mini aikin da zan yi kusa da ke, ko tsintar wake ce, mai yawa, wanda zai kai mu har su dawo.

'Yarki ta fari,
Rabi'a.